Kwandon Baba Tafireta

A ofishinmu Likita ake ce mini, alhali ko allura ban taɓa riƙewa ba. Ni ne mai kula da kwamfutoci. Firinta ta haɗiye takarda, a kira Likita. Wani ya shure wayar kibod da ƙafa ya ce kwamfutarsa ta mutu, a kira Likita. Har fanka idan ta tsaya ni ake nema, wai ai duk lantarki ne. Mu goma sha huɗu ne a hawa na biyu na wani tsohon bene, aikin kamfanin kuwa gwajin ƙasa. Kafin mutum ya kafa harsashin gini, injiniyoyinmu za su je su haƙa, su auna, su gaya masa nauyin da wurin zai iya ɗauka. Sai su dawo da takardu cike da lambobi, rubutun hannu kamar kaza ta yi tono, su zube su a teburin Baba Tafireta.

Shi ne yake mayar da wannan tonon kazar ya zama rahoto mai tsabta. Tun zamanin tafireta yake wurin, sunan kuma ya bi shi har tafiretar ta koma ƙarƙashin tarkace a sito. Dogo ne, siriri, kullum rigarsa a goge, teburinsa a bakin taga. Yana da magana ɗaya da kowane sabon ma'aikaci sai ya ji ta kafin ya cika mako: "Shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa dawo mini da takarda ba." Mukan yi masa dariya a bayan ido, amma gaskiya ce, kuma duk mun sani. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, yana zaune gidan babban ɗansa, ya kuma taɓa ce mini a can shi kujera ce, idan za a yi shara a matsar da shi, a gama a mayar. A ofis ne kawai ake ce masa, "Baba, ya kake gani?"

A zamanin takarda akwai wani kwandon waya a teburinsa. Duk rahoton da ya gama da safe a ciki yake ajiyewa, ya zauna nan har a dawo daga cin abincin rana, sannan Babban Injiniya ya ɗauka ya sa hannu. Da kwamfuta ta zo, wanda na gada ya buɗe folda a babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, wadda duk sauran suke jone da ita, ya sa mata suna Kwando, ya bar ta a buɗe. Kowa na iya shiga, kowa na iya gyarawa, kowa na iya gogewa. Ba ita kaɗai ba, duk foldodin ofishin haka suke. Abin haushin ma, mu goma sha huɗun nan da suna ɗaya muke shiga kwamfuta, wai "ofis", lambar sirrin kuma tana rubuce a bayan kalanda. Shekara shida ina ƙorafi. Tsohon manaja yakan ce, "Likita, mu nan ai gida ɗaya muke," ya ci gaba da shan shayinsa.

Sai aka kawo sabuwar Manaja. Mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana. A makonta na uku wani ya ja folda da maus bisa kuskure ya jefa ta cikin wata, rahoton wani mai gini ya tafi hannun abokin gabarsa. Ta kira ni.

"Wa ya taɓa foldar?"

"Ofis ne, ranki ya daɗe."

"Wane ne ofis?"

"Mu duka."

Ta dube ni har sai da na ji kunya, kamar ni na rubuta lambar a bayan kalanda. Ta ce kafin ƙarshen mako kowa ya sami sunansa da lambarsa. Kowace folda mai ita ne kawai zai iya gyara abin da ke ciki, shugaban sashensa ya iya gani, sauran mutane ko ƙofarta kada su gani. Tsofaffin ayyuka a kulle su. In kawo mata jerin wanda ke da izinin me, a takarda, da sa hannuna.

Wallahi na fito ina murna. Na ce yau dai an zo wurin. Na shiga ɗakin baya, inda babbar kwamfutar take huci cikin ƙura da tsofaffin kwalaye, na buɗe rajistar da take ajiyewa, don in ga wace folda wa yake shiga kafin in fara rufewa. Rajistar ba ta san sunan mutum ba, tunda duk ofis ne, amma ta san lambar kowace kwamfuta. A nan murnata ta koma ciki. Duk rahoton da ya shiga Kwando, kwamfuta ta tara tana buɗe shi tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, ta canza wani abu, ta rufe. Jiya haka, shekaranjiya haka, wancan watan haka. Na yi ta komawa baya har inda rajistar ta ƙare, ban ga ranar da aka tsallake ba. Kwamfuta ta tara kuwa ta Yaya ce.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ma ta samo mini aikin. Ita ke riƙe da ɗakin ajiyar takardu, inda ake jera takardun rubutun hannun bayan Baba ya gama da su. Lokacin da ta zo ofishin, shekara goma sha bakwai da suka wuce, da yatsa ɗaya take buga rubutu, har an shirya sallamarta. Baba Tafireta ne ya tsaya mata, ya zaunar da ita kusa da shi wata uku yana koya mata. Har yau 'yata yake ce mata.

Na jira ƙarfe ɗaya ta yi, ofis ya watse, na tura ƙofarta ba sallama. Tana zaune, takardar injiniya a hannun hagu, rahoton Baba a allon kwamfuta, abincinta a rufe a gefe ko buɗewa ba ta yi ba.

"Yaya, me kike yi a Kwando?"

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce, "Rufe ƙofar, Auta." Ita kaɗai ke kirana haka, da furfurata da komai.

Ta miƙo mini takardar, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Ɗari da talatin. Ta nuna allo. Ɗari da tamanin.

"Ka san abin da wannan yake nufi?"

"Uku ta zama takwas."

"Ƙasar da za ta ɗauki hawa biyu, an ce ta ɗauki uku. Yau wannan ne na huɗu. Idonsa ne, Auta. Yatsunsa suna nan yadda ka san su, idon ne ya tafi."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata ɗaya. Ina jera takardu na ga lamba ba ta yi daidai ba, na ce tsautsayi ne, na gyara. Washegari na sake dubawa, na ga biyu."

"Babban Injiniya fa? Ba shi yake sa hannu ba?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wa yake duba aikin Baba Tafireta? Shafin ƙarshe yake buɗewa ya rattaba."

"Shi Baban ya sani?"

"Ranar da ya sani, a tsaye zai mutu."

Raina ya ɓaci, na rasa ma da wa. Na ce mata wannan ba taimako ba ne, wasa da rayukan mutane ne. Idan ta kwanta ciwo fa? Idan ta tsallake layi ɗaya? Ta ce shekara biyu ba ta ɗauki hutu ba, ko ban lura ba? Ban lura ba. Ni da nake ce mata rowa ce ta hana ta fita cin abinci da mutane. Na gaya mata umarnin Manaja, na ce daga ranar Litinin ko sunan Kwando ba za ta gani a kwamfutarta ba.

Ta ce, "Makullan a hannunka suke. Wata goma sha huɗu ya rage masa. Bar mini ƙofa ɗaya, ya fita da sunansa."

"Idan Manaja ta gano, ni da ke za mu bi shi."

"Na sani."

"Yaya, ina da iyali."

"Ni ma ina da su. Je ka, lokaci yana tafiya, saura rahoto uku."

Kwana biyu na yi ina bin tebur tebur, ina raba wa mutane suna da lambar sirri. Ka ce haƙori nake cire musu. Wani injiniya ya rubuta tasa a tafin hannu, ya je ya wanke hannu, ya dawo yana kiran Likita. Mai karɓar baƙi ta ce ita dai a bar mata "ofis", ta saba da shi. Wani ya ce to yanzu idan yana son hotunan bikin ƙanwar direba da ke foldar direba fa? Na ce ya je ya roƙi direba. Aka ce na zama ɗan sandan Manaja. Ban kula ba, domin hankalina duk yana bakin taga.

Teburin Baba na bari ƙarshe. Na ce ya zaɓi lambar da ba zai manta ba, ya buga ta sau biyu. Yatsun suka sauka a kibod kamar ruwan sama, ko kallonsu bai yi ba. Amma da wani ɗan akwati ya fito a allon yana tambayar wani abu, sai na ga ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya karkata kai yana kallo ta gefen ido. Shekara shida ina wucewa ta bayan kujerar nan, ban taɓa tsayawa na duba ba. Tausayi ya kama ni. Na karɓi maus ɗin, na shiga saiti, na ƙara girman rubutun komai na allonsa kusan ninki biyu.

"Me ka yi, Likita?"

"Sabon tsari ne, Baba. Kowa na yi wa."

Ya ja baya ya duba, fuskarsa ta washe. "Kai, wannan tsarin ya wanke allon tas. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Na amsa da amin, na koma ɗakin baya ina jin na yi abin kirki.

A can na buɗe akwatin izinin Kwando. Na goge "kowa". Na sa sunan Baba, gani da gyara. Na sa Babban Injiniya, gani kawai. Na buga jerin a takarda, na sa hannu, na kai wa Manaja. Ta karanta layi layi da bakin biro, ta ce, "Ya yi." Na dawo na zauna gaban akwatin na fi minti goma. Sannan na ƙara layi na uku, sunan Yaya, gani da gyara. Ban taɓa yi wa aikina ƙarya ba sai ranar, kuma ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan.

Kwana tara abin yana tafiya. Girman rubutun bai rage kuskuren ba, domin takardun injiniyoyi ne ba ya gani, su kuwa ba su da saiti. Ƙarfe ɗaya Baba ya ɗauki hularsa ya sauka, Yaya ta rufe ƙofa. Ni kuma na daina iya cin abinci, sai in zauna a ɗakin baya ina kallon rajista tana nuna sunanta ɓaro-ɓaro, yanzu ba kwamfuta ta tara ba, sunanta na yanka. Duk motsin ƙofar Manaja sai in leƙa. Ta can nake jiran masifar, shi ya sa ban duba ɗaya gefen ba.

Rana ta goma aka tashi da ruwa. Ƙarfe ɗaya Baba ya sauka har ƙofar bene, ya ga titi ya zama kogi, ya hawo. Da ya zauna sai ya tuna bai sa kwanan wata a wani rahoto ba, ya buɗe Kwando ya danna shi.

Idan mutum biyu suka buɗe fayil ɗaya, kwamfuta takan fito da ɗan akwati ta gaya wa na biyun cewa wani yana ciki, ta faɗi sunansa. Ba yau Baba ya fara ganin akwatin nan ba. A da "ofis" yake cewa, da ƙananan haruffan da ba ya iya karantawa, sai ya ce na'urar tana numfashi, ya rufe ya jira. Ni na raba wa kowa suna. Ni na ƙara girman rubutu. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba, ni da ake kira Likita.

"Likita! Zo ka ga wani abu."

Na zo. Sunan Yaya na nan a tsakiyar allo, kowane harafi kamar yatsa.

"Wannan sunan 'yata ne ko?"

"Sabon tsarin ne yake rikicewa, Baba. Bari in rufe..."

Ya riƙe mini hannu. "Kai ka ce mini ba mai shiga Kwando sai ni da Injiniya. Da bakinka ka faɗa."

Ƙarya ta biyu ba ta zo mini ba. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya nufi ɗakin ajiya, ni ina bin sa a baya kamar wanda aka aika. Ya ƙwanƙwasa, domin shi ba ya shiga ɗaki haka kawai, sannan ya tura. Yaya ta ɗago da takarda a hannu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye takardar a hankali.

"Baba, ba ka fita ba?"

"Ruwa ake yi. Me kike gyarawa a aikina, 'yata?"

"Ba komai, Baba. Tsari ne kawai, layukan..."

"Layukana a miƙe suke. Nuna mini."

Ta nuna masa. Ya ɗauki takardar ya kai ta dab da idonsa, ya juya ta wajen fitila, ya daɗe. Ya ce ta karanta masa abin da ke rubuce. Ta karanta. Ya ce ta karanta abin da shi ya buga. Ta karanta.

"Yau nawa?"

"Biyar."

"Jiya?"

"Uku."

"Tun yaushe?"

Ta yi shiru. Ya ce, "Ni na koya miki aiki. Ban koya miki a tambaye ki ki yi shiru ba."

"Shekara biyu da wata ɗaya, Baba."

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da sauƙi. Ya mayar da takardar daidai inda ya ɗauke ta, ya daidaita gefenta da gefen tebur. Ya ce, "Na gode." Ya fita ya ɗauki hularsa, ya sauka cikin ruwan nan ko lema babu. Yaya ta kifa kai a kan tebur. Da na matso ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Me ya kai ka taɓa masa allo?" Na tsaya ina jin ruwa yana dukan taga.

Washegari kujerarsa ba kowa. Shekara talatin da ɗaya, ranar ce ta farko da ba a san dalili ba. Takardu suka taru a teburin, injiniyoyi suna tambayar juna ko lafiya, mai karɓar baƙi ta kira wayarsa sau uku ba a ɗauka ba. Yaya ba ta ce mini uffan ba duk yinin. Ni kuwa na yi ta buɗe akwatin izinin Kwando ina rufewa, kamar akwai wani saiti da zai mayar da jiya.

Rana ta uku na iso da wuri, na tarar da shi zaune. Ya sa wata farar riga da ban taɓa gani ba, ya kwashe komai na teburin ya jera a gefe ɗaya. Mai shara ce kawai a ofishin, tana can ƙarshen baranda.

"Jawo kujera, Likita."

Na jawo. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Ita ta ce shekara biyu da wata ɗaya."

"Haka ne, Baba."

"Ni shekara uku."

Ban gane ba da farko. Ya ce wata biyu bayan rasuwar matarsa ya fara ganin hazo a tsakiyar komai. Ya je asibiti, likitan gaske ya duba, ya ce abin ba ya dawowa, sai dai ya ƙaru. Bai gaya wa ɗansa ba, bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa yatsu sun san hanya. Da ya ga wata da watanni ba a dawo masa da takarda ba, sai ya ɗauka Allah ne ya rufa masa asiri.

"Ashe 'yata ce. To kafin ita fa? Wata goma sha ɗaya, Likita. Wa ya duba?"

Duk kwanakin nan ina tsoron Manaja, ina jin haushin Yaya, wannan lissafin bai taɓa zuwa mini ba.

"Jiya ban iya fitowa ba," ya ce. "Na zauna ina tuno su ɗaya bayan ɗaya. Akwai makarantar nan mai hawa uku. Akwai gidan haya na bayan tasha. Akwai wani ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ni na buga su duka, kuma duk an gina. Mutane suna ciki yanzu haka."

"Baba, wataƙila ba kuskure a cikinsu. Lokacin idon bai yi nisa ba."

"Wataƙila. Kai za ka kwantar da ɗanka a ƙarƙashin wataƙila?"

Ya ce in buɗe masa foldar waccan shekarar. Tana cikin tsofaffin ayyukan da na kulle, ba mai izini a kanta sai shi. Na buɗe. Rahoto ɗari biyu da wani abu suka jeru a allo.

"Ka buɗe ta ga Manaja da Babban Injiniya. Na rubuta musu wasiƙa, tana aljihuna. Su ɗauko takardun asali su gwada kowane layi."

"Baba, tsaya. Ni da Yaya za mu iya dubawa. A hankali, ba wanda zai ji. Idan ba mu sami komai ba, shi ke nan."

"Idan kun samu fa? Kai za ka je ka ce wa mai makaranta ya fitar da yara? Da wane sa hannun? Wannan aikin injiniya ne."

"Sallamarka za su yi. Ba ritaya ba, Baba, kora. Wata goma sha huɗu kawai ya rage."

"Na fi ka sanin abin da ya rage."

A nan Yaya ta shigo, jakarta a kafaɗa. Ban san nawa ta ji ba, amma da ta ga foldar a allo ta gane. Ta zo ta durƙusa gefen kujerarsa, mace mai 'ya'ya manya, a kan simintin da mai shara ta jiƙa.

"Baba, don Allah. Ka ba ni mako biyu. Zan duba su duka, ko barci ba zan yi ba."

"Tashi, 'yata, za ki ɓata zanenki."

"Sunanka, Baba. Kowa a garin nan ya san..."

"Sunan da kike riƙe mini a lokacin cin abincinki? Tashi." Bai dube ta ba, tagar yake kallo. "Ba fushi nake da ke ba. Amma yau ba zan iya kallonki ba, ki yi mini haƙuri. Je ki fara fito da takardun waccan shekarar, za a neme su."

Ta tashi ta tafi, tana share fuska da gefen mayafi. Ya jira har ƙofarta ta rufu, sannan ya ce in fara cire sunanta daga Kwando, kada a haɗa da ita. Na cire. Layi biyu suka rage, daidai da takardar da na kai wa Manaja. Ko kaɗan ban ji sauƙi ba.

Mutane sun fara shigowa. Kowa ya yi sallama, ya ga fuskokinmu, ya wuce teburinsa ya yi kamar yana neman wani abu a durowa. Na buɗe akwatin izinin tsohuwar foldar. Na sa sunan Manaja, gani kawai. Na sa Babban Injiniya, gani kawai. Na karanta masa abin da na rubuta, ya gyaɗa kai. Saura maɓalli ɗaya a ƙasan akwatin, na kai hannu.

"A'a. Ni zan danna."

Na sakar masa maus ɗin. Ya ɗora hannu, ya matso da fuska. 'Yar kibiyar ta yi sama, ta wuce akwatin, ta ɓace a gefen allo. Ya karkata kai ya nemo ta, ya jawo ta ƙasa, ta sake wuce wurin. Ya danna, bai danna komai ba. Sau uku yana yi. Ofishin ya yi tsit, ko kibod ɗaya ba a taɓawa.

"Likita," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Ban gan shi ba. Kai ni."

Na ɗora hannuna a kan nasa. Sanyi ƙalau, ƙasusuwa kawai. Na ja shi a hankali har kibiyar ta hau maɓallin, sannan na ɗage hannuna. Ya danna. Akwatin ya rufe.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

Ya ciro wasiƙar daga aljihu ya ɗora a kan cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu. Ya tambaye ni ko Manaja ta iso. Na ce tukuna, sai takwas da rabi. Ya ce to, zai jira.